David Cox da tambayar yadda ake auna tasirin masanin ƙididdiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma kusan duk maƙalar da na buɗe kan cutar daji ko ciwon zuciya sai na ga an ce an yi amfani da "tsarin Cox". Wani malaminmu ya ce maƙalar da mutumin ya rubuta a 1972 tana cikin waɗanda aka fi ambatawa a tarihin kimiyya. Wane ne shi, me ya yi, kuma yawan ambaton nan hujja ce ta cewa ya fi sauran masana ƙididdiga tasiri?

Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku bai yi ƙari ba. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙaloli 100 da aka fi ambatawa a kimiyya, ta David Cox ta zo ta 24. Ta Edward Kaplan da Paul Meier ta 1958, wadda ita ma kike cin karo da ita kullum a irin waɗannan rubuce-rubuce, ita ce ta 11. Amma ki duba wadda ta zo ta ɗaya: maƙalar Oliver Lowry ce da abokan aikinsa ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin a ɗakin gwaji, an ambace ta sama da sau 300,000. Ita kuwa maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ko shiga ɗarin ba ta yi ba. Daga nan za ki gane abin da ƙidayar ambato take aunawa. Tana ƙirga kayan aikin da masu bincike suke ɗauka kullum, waɗanda ƙa'idar rubutu ta wajabta a faɗi inda aka samo su. Tunanin da ya riga ya zama sanin kowa, da wuya a ci gaba da ambatar mai shi.

A ganina Cox ya cancanci girman da ake ba shi, amma da za a ce in kawo hujja, ba lambar ambaton zan fara kawowa ba. Zan kawo wata ɗabi'a ta tunani da ta bi shi tun yana matashi har tsufansa, kuma ba za ta fito miki sosai ba sai mun koma inda ya faro.

An haife shi a Birmingham ta Ingila a 1924, ya karanta lissafi a kwalejin St John's ta jami'ar Cambridge ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1944 zuwa 1946 ya yi aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnati. Daga nan ya wuce Leeds, cibiyar binciken masana'antun ulu, inda ya zauna har 1950, a can ne kuma ya yi digirinsa na uku a 1949 ƙarƙashin kulawar Henry Daniels da Bernard Welch. Masu taƙaita tarihinsa sukan wuce wannan wuri da jimla ɗaya, ni kuwa nan nake tsayawa, domin matsalolin masaƙa su ne suka gina shi. Kaurin zare ba ɗaya ba ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa, to ta yaya za a siffanta wannan bambanci? Zare yana tsinkewa, inji ya tsaya, ma'aikaci ɗaya kuma yana kula da injuna da yawa, to injin da ya tsaya zai jira tsawon wane lokaci kafin a zo kansa? Duka tambayoyi ne kan abubuwan da suke aukuwa a jere cikin lokaci, da kuma tsawon lokacin da abu zai ɗauka kafin ya lalace.

Tsohon lissafin da ake da shi na irin waɗannan aukuwa, wanda ake jingina wa masanin lissafi Poisson, yana ɗauka cewa yawan tsinkewa a kowace sa'a tsayayye ne. Wanda ya zauna da masaƙa ya san ba haka ba ne, domin ingancin ulun kansa yana hawa da sauka ba tare da an shirya ba. A maƙalarsa ta 1955 Cox ya bar shi kansa yawan aukuwar ya zama abu mai canzawa bisa dace, kamar faɗuwar ƙuri'a. Yau wannan tsari, wanda daban yake da na 1972 da kika tambaya, shi ma yana ɗauke da sunansa, ana aiki da shi wajen zana taswirar yaɗuwar cututtuka, da nazarin yadda ƙwayoyin jijiya suke aika saƙo, da lissafin yiwuwar kamfani ya kasa biyan bashi. Littafinsa kan lissafin jerin gwano, wanda ya rubuta da Walter Smith, ya fito a 1961, wani kuma kan lalacewa da sabunta kayan inji a 1962. Saboda haka lokacin da likitoci suka zo masa da tambayar tsawon rayuwar majinyata, ya riga ya yi shekara ashirin da wani abu yana tunani kan lokacin da abu yake ɗauka kafin ya katse.

Sauran tafiyar aikinsa a taƙaice: Cambridge daga 1950, kwalejin Birkbeck a Landan daga 1956, Imperial daga 1966, sai shugabancin kwalejin Nuffield a Oxford daga 1988 zuwa 1994. Ya rasu a watan Janairun 2022 yana da shekara 97, kuma bai ajiye alƙalami ba sai dab da ƙarshe. A 2017, yana da shekara casa'in da 'yan kai, shi da Heather Battey suka fitar da maƙala kan abin da ya kamata a yi idan abubuwan da aka auna sun ninka yawan mutanen da aka auna, kamar yadda ake gani a binciken ƙwayoyin gado.

Yanzu ga ɗabi'ar da na ce. A 1958 ya kawo wani misali wanda har yau ake koyar da shi. Kina da na'urorin awo biyu, ɗaya mai daidaito ƙwarai, ɗaya mai yawan kuskure. Aka jefa kwabo don a zaɓi wadda za a yi awo da ita, kwabon ya faɗa kan mai daidaito, kika yi awon, kuma kin san da ita kika yi. In aka tambaye ki girman kuskuren da ake tsammani a awonki, me za ki ce? Hankali zai ce a ba da kuskuren na'urar da aka yi aiki da ita. Amma in aka bi wata fassara ta ka'idar da ta yi tashe a lokacin, wadda take auna nagartar hanya da abin da zai faru in an maimaita gwajin sau da yawa, sai a haɗa kuskuren na'urorin biyu a raba, tunda a wani jifan kwabon zai faɗa kan ɗayar. Cox ya nuna cewa wannan amsa ta kauce wa tambayar mai bincike. Na'urar da ba a taɓa ba, ba ta da abin cewa game da awon da yake hannu. Ronald Fisher, babban masanin ƙididdiga da ya gabace shi, ya riga ya yi magana a kan haka, amma misalin Cox ne ya sa abin ya fito fili yadda ba a iya kauce masa. Darasin shi ne mai nazari ya kafa lissafinsa a kan abin da ya riga ya san ya faru, ya ware ɓangaren bayanai da ba ya ɗauke da amsar tambayarsa, ya zuba ƙarfinsa a ɓangaren da yake ɗauke da ita. Ki riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan maƙalar 1972.

A shekarar 1958 ɗin dai ya rubuta kan yadda ake nazarin sakamako mai fuska biyu, ko ya warke ko bai warke ba, ko ta kamu ko ba ta kamu ba, wato abin da kuke kira hanyar lojistik. Za ki ji wasu suna cewa shi ya ƙirƙiro ta. Wannan ƙari ne. Joseph Berkson ya yi ta fafutukar a karɓe ta tun 1944, lanƙwasar lissafin kanta kuma ta samo asali ne tun ƙarni na 19 a wajen Pierre Verhulst. Abin da Cox ya yi shi ne ɗora ta a kan ginshiƙi mai ƙarfi, da nuna yadda za a gwada hasashe da ita, sannan ya tattara batun a littafinsa na 1970. A nan ƙidayar ambato ta rage masa, ba ta ƙara masa ba. Masu aiki da lojistik a yau ba su ƙirguwa, daga asibiti har kamfanonin kwamfuta, kuma galibinsu ba sa ambatar kowa, domin ta zama kamar haɗawa da ɗebewa.

To sai 1972. Matsalar da ake fama da ita ita ce yankakken bayani. In kina bin majinyata don ganin tsawon lokacin da za su ɗauka kafin ciwo ya dawo, ranar da za ki rufe bincike wasu ciwon bai dawo musu ba, wasu sun ƙaura, wasu sun daina zuwa. Game da irin waɗannan abin da kika sani kawai shi ne sun kai mako kaza lafiya. In kika zubar da su kin zubar da waɗanda maganin ya fi yi wa aiki. In kika ɗauki ranar da kika daina ganinsu a matsayin ranar da ciwon ya dawo, kin shigar da ƙarya cikin lissafi. Misalin da Cox ya yi aiki da shi a maƙalar shi ne gwajin da Emil Freireich da abokan aikinsa suka buga a 1963 kan masu sankarar jini: majinyata 42, rabi aka ba su maganin 6-MP, rabi ƙwayar da babu magani a cikinta. Duka 21 na rukuni na biyu ciwon ya dawo musu. A rukunin maganin 9 ne kawai ya dawo wa, sauran 12 bayanansu yankakku ne. Fiye da rabin rukunin ke nan, ba yadda za a yi a kawar da kai daga gare su.

Hanyar Kaplan da Meier ta riga ta warware rabin matsalar, domin tana zana layin da yake nuna kason waɗanda suka rage lafiya a kowane mako, tare da yin adalci ga yankakkun. Abin da ba ta iya yi shi ne amsa tambayar da likita ya fi damuwa da ita: in an yi la'akari da shekarun majinyaci, da yawan fararen ƙwayoyin jininsa, da matakin da ciwon ya kai, nawa ne rabon maganin shi kaɗai? Masu son amsa wannan sai sun fara ɗaukar cewa haɗarin yana bin wata siffa ta lissafi da aka sani, ko dai tsayayye ne, ko yana hawa a hankali. In siffar da suka ɗauka kuskure ce, tana iya gurɓata amsar.

Cox ya raba haɗarin gida biyu. Abin da ake nufi da haɗari a nan shi ne yiwuwar abin ya auku yanzu-yanzu ga wanda ya kai wannan lokaci bai auku gare shi ba. Gida na farko shi ne haɗarin tushe, wanda kowa yake tarayya a cikinsa, yana iya hawa da sauka da lokaci yadda ya ga dama, Cox bai ce komai a kan siffarsa ba. Gida na biyu lamba ce da take ninka wancan, ta dogara ga halin mutum: maganin da yake sha, shekarunsa, da sauransu. Raba shi biyun ba shi ne abin mamaki ba. Abin mamakin shi ne yadda ya ƙiyasta ninkin ba tare da ya san tushen ba.

Ga yadda abin yake. A ce a wani mako mutum biyar ne suka rage ana bin su, uku suna kan sabon magani, biyu suna kan tsoho, sai ciwon ya dawo wa ɗaya daga cikinsu. Kada ki tambayi me ya sa a wannan makon. Ki ɗauka an riga an san ya faru a makon, ki tambayi: cikin biyar ɗin nan, mene ne yiwuwar a ce wannan mutumin ne? In haɗarin tsohon magani ya ninka na sabo sau biyu, kowane mai sabo nauyinsa 1, kowane mai tsoho nauyinsa 2, jimla 7. Yiwuwar a ce wani takamaiman mai tsohon magani ne ita ce 2 cikin 7. Haɗarin tushe na wannan mako yana sama yana ƙasa a lissafin, sai ya soke kansa, ko babba ne ko ƙarami. Haka za a yi a duk lokacin da ciwo ya dawo wa wani, a ninninka sakamakon, sannan a nemo lambar ninkin da ta fi dacewa da abin da aka gani. Yankakken majinyaci kuwa ana ƙirga shi cikin waɗanda suka rage har ranar da aka daina ganinsa, daga nan ya fita ba tare da an yi masa ƙage ba. A bayanan Freireich lissafin yana nuna haɗarin marasa magani ya kai wajen ninki 5 na masu magani. In kin lura, tunanin na'urorin awo biyu ne ya dawo: lokutan aukuwar an ɗauke su a matsayin abin da aka riga aka sani, tambayar "wane ne" ita ce mai ɗauke da amsar.

An gabatar da maƙalar a taron Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Birtaniya, wadda take da al'ada mai kyau ta buga maƙala tare da sukar da aka yi mata da kuma martanin marubucin. Ba a bar shi haka ba. John Kalbfleisch da Ross Prentice suna cikin waɗanda suka nuna cewa hujjar da ya bayar ta halascin wannan ninninkawa ba ta cika ba. Norman Breslow ya kawo hanyar ƙiyasta haɗarin tushen. Cox ya dawo a 1975 da wata maƙala a mujallar Biometrika, ya ba hanyar sabon suna da sabuwar hujja. Cikakken tabbacin lissafi sai a 1981 daga Anastasios Tsiatis, da 1982 daga Per Kragh Andersen da Richard Gill, waɗanda suka gina a kan aikin Odd Aalen. Yadda ake yi in abin ya auku ga mutum biyu ko fiye a rana ɗaya, hanyoyin Breslow da Bradley Efron ake bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk sanda kika danna umarnin tsarin Cox a manhajar R ko SAS ko Stata, aikin mutane da dama kike gudanarwa, har da irin su Terry Therneau da ya shafe shekaru yana gina manhajar da ake yin wannan nazari da ita a R. Ambaton kuwa mutum ɗaya yake tafiya wa. Ta wannan fuska ƙidayar ta ƙara masa.

Akwai kuma rabon zamani. Maƙalar ta fito ne daidai lokacin da manyan gwaje-gwajen magani suke yawaita, Amurka ta zuba kuɗi a binciken cutar daji bayan dokar 1971, kwamfuta kuma ta fara isa ga jami'o'i da asibitoci. Ga shi hanyar tana ba likita lamba guda da zai iya sa wa a tebur. Da an buga ta shekara ashirin kafin nan, da wuya a samu mai iya yin lissafin da hannu a kan ɗaruruwan majinyata. A 1990 aka ba shi lambar yabo ta Kettering, wadda ta masu binciken cutar daji ce, alhali bai taɓa duba majinyaci ba. A 2010 ya karɓi lambar Copley ta Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Birtaniya, sannan shi ne na farko da aka ba Lambar Ƙididdiga ta Duniya, wadda aka sanar a 2016.

Wani abu da ya kamata ki sani, tunda aikinki ne: kaso mai yawa na ambaton nan amfani ne na al'ada, wani ma amfani ne ba bisa ƙa'ida ba. Tsarin yana ɗauka cewa ninkin haɗari tsakanin rukunai biyu ba ya canzawa daga farkon bibiya zuwa ƙarshe. Ki kwatanta tiyata da shan magani. A makonnin farko masu tiyata sun fi shiga haɗari, waɗanda suka tsallake kuma sai haɗarinsu ya koma ƙasa da na masu magani. Lamba ɗaya a nan gauraye ce ta abubuwa biyu masu karo da juna, kuma girmanta zai dogara ga tsawon lokacin da aka yi ana bin mutanen. Haka ake gani a wasu sababbin magungunan cutar daji masu zaburar da garkuwar jiki, waɗanda amfaninsu ba ya bayyana sai bayan watanni. Sannan ninkin haɗari na 0.5 ba ya nufin mutum zai rayu ninki biyu, ba ya kuma nufin rabin majinyata sun warke, ko da yake za ki ji ana faɗin haka. Miguel Hernán ya ƙara da wani gargaɗi a 2010: da tafiya ta yi nisa, masu rauni a rukunin da ya fi haɗari sun riga sun fita, saboda haka waɗanda ake kwatantawa a ƙarshe ba irin waɗanda aka raba da ƙuri'a a farko ba ne. Shi kansa Cox, a hirar da Nancy Reid ta yi da shi wadda aka buga a 1994, ya nuna cewa a lokuta da yawa ya fi son a ba haɗarin tushen takamaimiyar siffa, irin ta Weibull, maimakon a bar shi sake. Mai abin bai ɗauke shi maganin kowace cuta ba, mabiya ne suka mai da shi haka.

To ina tasirin da ƙidaya ba ta gani? Ya yi shekara 25 yana editan Biometrika, daga 1966 zuwa 1991. Wanda ya zauna a wannan kujera tsawon haka shi yake tsara abin da fannin zai ɗauka a matsayin tambaya mai daraja, kuma babu ambato ko ɗaya da ake samu daga gyara rubutun wani. Ya yaye gomman masu digiri na uku, cikinsu akwai David Hinkley, Peter McCullagh, Valerie Isham da David Oakes, kowannensu ya zama jigo. Littafinsa na 1958 kan tsara gwaji kusan babu lissafi mai nauyi a cikinsa, don masu binciken gona da masana'antu da asibiti ya rubuta shi. Wanda ya karanta shi ya gyara tsarin gwajinsa tun kafin ya fara tattara bayanai ya amfana fiye da wanda ya ambaci maƙalar 1972 a layi ɗaya, amma ba za ki ga wannan amfani a kowane jeri ba. Maƙalarsa da George Box ta 1964, kan yadda za a zaɓi sikelin da ya fi dacewa a yi nazarin awo a kansa, ita ma ta shahara ƙwarai. Ɗaya daga misalai biyun da suka yi aiki da su a ciki, juriyar zaren ulu ne kafin ya tsinke. Leeds ba ta sake shi ba.

Ya kuma yi wa gwamnati aiki, kuma a nan ne za ki ga iyakar tasirin masani. A 1988 ya jagoranci kwamitin da ya yi hasashen yaɗuwar cutar ƙanjamau a Ingila da Wales na 'yan shekaru masu zuwa. Daga 1998 ya shiga kwamitin masana da John Bourne ya shugabanta kan tarin fukan shanu. Manoma suna zargin wata dabbar daji mai haƙa rami, baja, 'yar'uwar dage, da yaɗa cutar, suna neman a kashe ta. Aka tsara gwaji na gaske: yankuna 30, kowanne wajen murabba'in kilomita 100, aka kasa su uku-uku, ƙuri'a ta zaɓi inda za a bi dabbar da kisa a duk faɗin yankin, inda za a kashe ta sai in cutar ta ɓulla a garke, da inda ba za a taɓa ta ba. A 2003 aka dakatar da kashi na biyun saboda cutar ƙaruwa ta yi a can. Inda aka yi kisan a duk faɗin yankin, cutar ta ragu a cikin yankin amma ta ƙaru a gonakin da suke gefensa, domin dabbobin da suka tsira suna watsuwa suna yawo da ita. Rahoton ƙarshe na 2007 ya ce kisan ba zai taimaka a zo a gani ba wajen shawo kan cutar. Duk da haka a 2013 aka fara kisan da izinin gwamnati a Somerset da Gloucestershire, kuma ana ta jayayya kan fassarar bayanan gwajin har yanzu. Gwaji mai kyau ya ba da amsa, siyasa ta bi hanyarta. Littafin da ya rubuta a 2011 da Christl Donnelly, abokiyar aikinsa a wannan kwamiti, kan ƙa'idojin ƙididdiga a aikace, da yawa daga darussansa daga irin waɗannan ayyuka suka fito.

Ko ya fi kowa tasiri? Fisher yana gabansa, kuma ba na jin akwai mai jayayya da wannan: raba magani da ƙuri'a a gwaji, da nazarin bambanci tsakanin rukunai, da hanyar ƙiyasin da Cox kansa ya gina a kai, duk daga wajensa suke, tun shekarun 1920. A cikin waɗanda suka biyo baya, Cox yana sahun gaba tare da John Tukey, C. R. Rao, Box da Efron, kuma jera su ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, domin kowanne ƙofar da ya buɗe daban ce. In kina son auna wani masanin ƙididdiga, ko cikin malamanku ne, ki duba daga wace matsala ta zahiri aikinsa ya taso, ko hanyarsa ta tsallaka zuwa fannin da ba don shi aka yi ta ba, da su wa ya horar. Ki tuna kuma cewa fannoni sun bambanta a yawan ambato. Likitoci suna da yawa kuma suna buga rubutu da yawa, saboda haka wanda ya ƙera musu kayan aiki zai tara lambobin da wanda ya yi wa masana gandun daji aiki mai irin wannan zurfi ba zai taɓa tarawa ba.

Game da naki binciken, kafin ki gudanar da tsarin Cox ki fara zana layukan Kaplan da Meier na rukunanki ki kalle su da ido. In sun ƙetare juna, ko sun daɗe a haɗe kafin su rabu, kada ki ba da ninki ɗaya ki yi shiru. Ki duba ragowar Schoenfeld, wadda take nuna ko ninkin haɗarin yana canzawa da lokaci, duk manyan manhajoji suna fitar da ita, ki kuma faɗi kason waɗanda suka rage lafiya a shekara ɗaya da shekara biyar a kowane rukuni, domin wannan shi ne abin da majinyaci zai fahimta. Ki tambayi kanki dalilin da ya sa yankakkun suka yanke. In waɗanda jikinsu ya fi tsanani ne suke daina zuwa asibiti, to sharaɗin da hanyar ta dogara a kai ya karye, kuma babu manhajar da za ta faɗa miki haka. Ki kuma nemi maƙalar 1972 ki karanta da kanki, musamman muhawarar da aka buga a bayanta. Shafi 34 ne duka-duka, kuma ɓangaren misalin sankarar jinin ba zai gagare ki ba ko da lissafinki bai yi zurfi ba.